CIWON NIMONIYA: KIRA GA IYAYE DA MALAMAI

Wannan saƙo ne zuwa ga iyaye da malaman Gesse, Birnin Kebbi, Argungu da ƙauyukan fadamar Rima.

Mene ne nimoniya?

Nimoniya, wadda wasu ke kira sanyin haƙarƙari, cuta ce da ke kama huhu. Ƙwayoyin cuta ne ke haddasa ta, su cika ƴan jakunkunan iska na huhu da ruwa da mugunya, har numfashi ya gagara. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa. Ƙurar hunturu, hayaƙin itacen girki, cunkoso a ɗaki, tamowa da ƙyanda duk suna buɗe mata ƙofa. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa a shekarar 2018 ta kashe yara 162,000 ƴan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya, adadin da ya zarce na kowace ƙasa a duniya.

Yaya ake gane ta?

Idan yaro yana tari da zazzaɓi, a ɗaga rigarsa lokacin da yake natse, a ƙirga numfashinsa na minti guda. Numfashi ya yi sauri idan ya kai:

60 ga jariri ɗan ƙasa da wata 2;
50 ga ɗan wata 2 zuwa 11;
40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5.

Idan ƙasan ƙirji yana lotsawa yayin jan numfashi, ko yaro ya kasa shan nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko jijjiga, ko barcin da ya yi wuyar tashi, kada a jira gari ya waye. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Babban Asibitin Argungu.

Yaya ake magance ta?

Ma'aikacin lafiya zai auna numfashi, ya maƙala na'ura a yatsa don duba iskar oksijin a jini. Idan cutar ba ta yi tsanani ba, zai ba da Amoxicillin mai narkewa a ruwa. A shayar da shi har ƙarshen kwanakin da aka ƙayyade, ko da yaro ya samu sauƙi, domin yanke magani yana sa ƙwayar cuta ta bijire masa. A ci gaba da ba da nono da abinci. Mai tsanani kuwa sai an kwantar da shi, a yi masa allura da ƙarin oksijin. Tsaga da sakiya ba sa kai wa huhu, jinkiri kawai suke jawowa.

Dattawa ma ba su tsira ba, musamman masu ciwon zuciya ko ciwon sukari. Tari da haki ko ciwon ƙirji ga dattijo abu ne na ganin likita a ranar.

Rigakafi ya fi magani

Nijeriya ta shigar da allurar Penta a 2012, da ta PCV a 2014. Dukansu suna kare yaro daga manyan ƙwayoyin da ke kawo nimoniya da sanƙarau. Ana yin su a sati 6, 10 da 14 da haihuwa. Ta ƙyanda kuwa a wata 9 da wata 15. Kyauta ne a cibiyoyin lafiya na gwamnati. Ɗan zazzaɓi ko kumburin wurin allura kan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. A haɗa da nonon uwa zalla na wata 6, da wanke hannu da sabulu, da nisanta yara daga hayaƙi.

Ya ku malamai masu girma

Kiyaye rai yana daga cikin manyan manufofin shari'a, kuma ƴaƴa amana ne a hannun iyaye. Da goyon bayan malamai da sarakuna aka kai ga tabbatar da Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a 2020. Muna roƙon ku tunatar da magidanta a huɗuba, da wurin suna, da makarantun Islamiyya, su ba iyalansu izinin zuwa rigakafi, su kuma duba katin yaro da kansu.

Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.