Kasuwar Tawadar Ɗab'i: Yadda Kamfanoni Ke Kokawar Neman Riba

Ledar taliya, kwalin magani, gwangwanin madara, takardar kuɗi, littafin ɗan firamare, babu wanda ke shiga kasuwa a cikinsu sai an buga masa tawada. Duk da haka, da wuya mai saye ya san sunan kamfanin da ya haɗa ta. Sana'a ce ta bayan fage, kuma manyan kamfanoni ƙalilan ne suka riƙe wuyanta: DIC da Sakata INX da Toyo Ink a Japan, Siegwerk da hubergroup a Jamus, sai Flint Group da aka kafa tushensa a birnin Detroit na Amurka a 1920. Mai kallo daga nesa zai ɗauka kakarsu ta yanke saƙa. Gaskiyar magana, riba a wannan harka da jiɓin goshi ake samunta.

A 1979 Michael Porter, malami a Jami'ar Harvard, ya bayyana abubuwa biyar da ke yanke wa kowace sana'a rabonta na riba: abokan hamayya, masu sayar maka da kayan aiki, masu saye a hannunka, sabbin shiga, da kuma abin da zai iya maye gurbin hajarka. Idan aka auna sana'ar tawada da wannan mudu, za a tarar kusan ta kowane ɓangare a matse take.

Mu fara da kayan haɗi. Tsarin bai yi nisa da na tawadar allo ba, wadda ake haɗa gawayi da ƙaro da ruwa: akwai garin launi, akwai abin da ke manna shi a jikin takarda ko leda, akwai ruwa ko man da ke ɗauke da su. Bambancin shi ne, yawancin kayan tawadar masana'anta daga man fetur suke fitowa, kuma kaso mai tsoka na garin launin a Sin da Indiya ake yin sa. Saboda haka da farashin ɗanyen mai ya motsa, ko aka rufe wata masana'anta a can, sai mai tawada ya ji a jikinsa. A watan Maris na 2019 wata masana'antar sinadarai ta fashe a lardin Jiangsu na ƙasar Sin, mutane 78 suka rasu, hukumomi suka rufe masana'antu da dama don bincike, kayan haɗin tawada suka yi wuya a duniya. Tun kafin nan, tsadar mai ta shekarun 1970 ce ta sa jaridun Amurka suka shiga neman mafita, har aka fara buga jarida da tawadar man waken suya a 1987.

A ɗaya ɓangaren kuma ga masu saye. Manyan maɗaba'u da kamfanonin buga leda da kwali sun haɗe sun zama gagarau, suna saye da yawa, suna taya kaya yadda suka ga dama. Mai tawada ya ce zai ƙara kuɗi, su ce akwai wani a bakin ƙofa. Gaba kura, baya sayaki. Sannan intanet ta zo ta cinye kasuwar jaridu da mujallu a Turai da Amurka, tawadar da a da ake sha tanka-tanka ta ragu.

To, ina mafita? Dabara ta farko ita ce girma ta hanyar saye da haɗewa. DIC ya sayi sashen tawada na Sun Chemical na Amurka a 1986. Flint Ink ya haɗe da XSYS na Turai a 2005 aka samu Flint Group. Ta biyu ita ce mallakar tushen kaya: hubergroup ya sayi Micro Inks na Indiya, wanda ke yin garin launi da ƙaron kansa, shi kuwa DIC ya karɓi sashen launuka na kamfanin BASF a 2021. Ta uku ita ce zaɓar fage guda. Siegwerk ya sayi sashen tawadar marufi na SICPA a 2005, ya sayar wa Flint wani sashensa na tawadar mujallu a 2016, ya duƙufa kan leda da kwali, domin labari yana iya komawa waya, amma shinkafa da sabulu dole a zuba su a cikin wani abu. Shi kuma SICPA na Suwizaland ya tsaya kan tawadar tsaro ta takardun kuɗi, fagen da amana ta fi farashi daraja.

Sai dai dabarar da ta fi kowacce tasiri a cikin masana'antar mai saye ake ganinta. Manyan kamfanonin tawada kan girke ma'aikacinsu a can, da na'urar haɗa launi. Za ka gan shi ya ɗebi tawada a ɗan kofi mai huda a gindi, agogo a hannu, yana ƙirga daƙiƙun da za ta ɗauka kafin ta tsiyaye, don ya san kaurinta. Ya manna salatif a kan ledar da aka buga ya fizge, ya duba ko launi ya biyo. Jan da ke jikin ledar wani kamfani dole ya zama iri ɗaya yau da gobe, a kowace ƙasa. Kuɗin tawada kaɗan ne a cikin kuɗin marufi, amma idan ta ɓaci injin ya tsaya, kaya su lalace. Wanda ya saba da mai tawadar da ba ya ba shi kunya, ragin 'yan kuɗi ba zai sa ya canza shi ba.

Dokar lafiya ma ta ƙara wa manyan ƙarfi. A watan Nuwamba na 2005 hukumomin Italiya suka kwashe madarar jarirai ta Nestlé daga kasuwa, bayan an gano wani sinadarin tawada mai suna ITX ya ratsa daga kwali zuwa cikin madarar. Daga nan aka tsaurara ƙa'idoji kan tawadar marufin abinci. Haɗa tawada a ƙaramin shago ba wuya, amma mallakar ɗakin gwaji da shaidar da kamfanin abinci zai yarda da ita sai mai jari. Wannan ce katangar da ke tare sabbin shiga.

Akwai kuma barazanar injinan ɗab'i na zamani masu aiki da kwamfuta. Kamfanoni irin su HP suna sayar da inji tare da tawadarsa, ba a zuba masa ta wani. Duk wanda ya taɓa sayen firinta da araha, ya dawo yana kuka da tsadar tawadarta, ya san wannan ciniki.

Mu ma abin ya shafe mu. Masu maɗaba'a a Kano da Kaduna da Shomolu ta Legas sun dogara ne da tawada ko sinadaran da ake shigowa da su daga waje, don haka faɗuwar naira tun daga 2023 ta bayyana a farashin littafi da fosta da katin biki. Ga mai ƙaramar masana'anta kuwa, darasin a fili yake: wanda araha kaɗai ce makaminsa, ranar da wani ya fi shi sauƙi ya tashi daga kasuwa. Wanda ya dage kan inganci da cika alkawari har mai saye ya ji tsoron rabuwa da shi, shi ne ke da bakin faɗin farashi.