Jinin Uwa da Jinin Jariri

Shirinmu na yau daga Nasarawa yake zuwa muku, a kudancin kogin Kaduna.

A kan sami matar da ɗanta na fari ya rayu lafiya lau, amma duk wanda ta haifa bayansa sai shawara ta kama shi tun ranar haihuwa, idanu su yi ruwan ɗorawa, ya daina kama nono, kafin ranar suna Allah Ya karɓi abinsa. Daga nan a ce wabi take yi, a ɗora wa iska ko kishiya alhakin abin da ba su ji ba, ba su gani ba. Alhali kuwa wani lokaci illar a jini take. Akwai wata alama a jinin akasarin bil'adama, wadda masana Landsteiner da Wiener suka bayyana a 1940, likitoci na kiranta Rhesus. Idan uwa ba ta da ita, jariri kuwa ya gaje ta wajen uba, to jininsa da ya ratsa cikin nata wajen haihuwa shi ke sa jikinta ya ɗaura ɗamarar yaƙi, yaƙin da ba zai auka wa kowa ba sai ƙannen da ke tafe.

A 1960 Ronald Finn, matashin likita a Libaful ta Ingila, almajirin Cyril Clarke, ya kawo hujja cewa idan aka yi wa uwa allurar da za ta share jinin jaririn daga jikinta kafin jikin ya farga, to an kashe fitinar tun tana kwance. A Amurka ma masana Freda da Gorman da Pollack suna kan wannan bincike, har suka jarraba maganin a kan fursunonin gidan yarin Sing Sing da suka amince, aka halatta shi a 1968.

Da yake marasa alamar sun fi ƙaranci a cikinmu bisa ga Turawa, sai muka yi sakaci, kuma a ganina sakacin ya fi auka wa mai haihuwa a gida, domin allurar tana da wa'adi, awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, ga ta da tsada. Mai juna biyu da ta je awo Asibitin Gwamna Awan, ta roƙi a gwada rukunin jininta, a rubuta mata a kati; maigida kuma ya fara tanadin kuɗin allurar tun ciki bai tsufa ba.