Ranar da Uɗaridu Zai Gifta Fuskar Rana

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 Mai alƙalami a kusa ya ɗauka, mai waya ya buɗe kalanda, don akwai kwanan watan da nake so ku ajiye: Asabar, 13 ga Nuwamba, 2032. A safiyar wannan rana, in Allah ya kai mu, duniyar nan da malaman falaki ke kira Uɗaridu, Turawa kuma Makyuri, za ta ratsa tsakaninmu da rana, a gan ta baƙin ɗigo tana tafiya a fuskar rana daga wannan gefe zuwa wancan. A wannan karon kuwa lokacin ya faɗo mana daidai.

(KIƊA)

Wanda ya yi wayo a 2006 zai tuna kusufin 29 ga Maris, lokacin da gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina da Maraɗi. To, wannan ɗan'uwansa ne, sai dai wancan wata ne ya tare rana, wannan kuwa duniya ce sukutum, amma tana can nesa ƙwarai. Saboda haka ba duhu za a yi ba, kaji ba za su nufi akurki ba. Mai talla zai yi tallarsa, ɗan acaɓa zai yi lodinsa, ba wanda zai san wani abu na faruwa a sama sai wanda aka gaya wa.

Duniyoyi biyu kaɗai ke iya yi mana haka, Uɗaridu da Zara, domin su ne hanyarsu ta fi tamu kusa da rana. Zarar dai da kuka sani, matar wata, wadda in ta fito da asuba ake ce mata Gamzaki. Uɗaridu yakan wuce ta tsakaninmu da rana kusan duk kwana 116, Zara kuma duk kwana 584. Sai mai sauraro ya ce, to me ya hana a riƙa ganinsu kullum? Hanyoyinsu ne a karkace. Ta Uɗaridu ta karkace da digiri 7 daga tamu, ta Zara da digiri 3 da ɗoriya. Don haka galibi sai su bi ta saman rana ko ta ƙasanta, su wuce ba a sani ba. Sai in an yi dace, mu da su da rana mun jeru a layi guda daidai mahaɗar hanyoyin. Ga Uɗaridu, wannan dacen ba ya faɗowa sai a watan Mayu ko Nuwamba, sau 13 ko 14 a shekara ɗari.

Zara kuwa, sai dai mu yi haƙuri. Takan zo ne tagwaye, shekara takwas tsakani, sannan ta ɓace fiye da ƙarni. Ta gifta ranar 8 ga Yuni, 2004, aka gan ta a Afirka. Ta sake a Yunin 2012, amma kafin rana ta fito a mafi yawan garuruwan Najeriya da Nijar an gama, sai mutanen gabas irin na Sudan suka tsinci ƙarshensa da sassafe. Na gaba sai Disambar 2117, sannan 2125. Wannan kam rabon jikokin jikoki ne.

(KIƊA)

Kada ƙanƙantar ɗigon nan ta sa ku raina shi, mutane sun sha wuya a kansa.

Masanin Jamus Johannes Kepler ne ya fara lissafa cewa Uɗaridu zai gifta a 1631. Ya rasu a 1630, saura shekara guda. Wani Bafaranshe, Pierre Gassendi, shi ya zauna a birnin Faris ranar 7 ga Nuwamba, 1631, ya ga abin da idonsa, har ya yi ta shakka saboda ɗigon ya fi yadda ake zato ƙanƙanta. Shekara takwas bayan haka, wani saurayi a Ingila mai suna Jeremiah Horrocks, wanda bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, ya gyara lissafin Kepler, ya ga Zara a fuskar rana kamar rabin sa'a kafin ranar ta faɗi.

Edmond Halley ne ya mai da abin babban aiki. Ya kalli giftawar Uɗaridu a tsibirin St Helena a 1677, daga baya a 1716 ya rubuta yadda za a auna nisan rana da giftawar Zara. Dabarar ba wuya, ku gwada yanzu. Ku miƙe hannu, ku ɗaga babban yatsa, ku rufe idon dama, sannan ku buɗe shi ku rufe na hagu. Kun ga yatsan ya yi tsalle a jikin bango? To in mutum biyu suka tsaya a wurare masu nisa da juna a doron ƙasa, kowa zai ga Zara ta bi layi daban a fuskar rana. Daga bambancin nan ake fitar da nisa. Halley ya san ba zai kai giftawar Zara ta 1761 ba, ya rasu a 1742, amma ya bar wa na baya wasiyya.

Aka kuwa cika ta. Ingila ta tura Kyaftin James Cook har tsibirin Tahiti don giftawar 1769. Amma ni wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Guillaume Le Gentil. Ya bar Faransa a 1760 ya nufi Pondicherry a Indiya. Kafin ya isa, Ingilishi sun ƙwace garin, ranar giftawa ta same shi a cikin jirgin ruwa yana tangaɗi, ba damar awo. Maimakon ya koma gida, bawan Allah ya ce zai jira ta biyun. Shekara takwas! Ya je Manila, bai ji daɗin hukumomin can ba, ya dawo Pondicherry, ya gina ɗakin duba taurari, ya shirya komai. Kwana da kwanaki sama tana garau. Safiyar ranar, gajimare ya taso ya rufe rana, bai yaye ba sai da aka gama. A Manilan da ya baro kuwa, sama tas. Da ya koma Faransa a 1771, ya tarar an daɗe da fitar da rai da shi, dangi na rabon dukiyarsa, kujerarsa a majalisar masana kimiyya an ba wani.

Wahalar ba ta tafi a banza ba. Daga awon da aka tattaro, Jérôme Lalande ya fitar da kilomita miliyan 153. Abin da aka tabbatar yau kusan miliyan 150 ne. Da agogon zamanin da da jirgin ruwa mai filafilai, ai sun yi ƙoƙari.

(KIƊA)

Mu dawo kan namu. Ranar 13 ga Nuwamba, 2032, Uɗaridu zai taɓa gefen rana da misalin ƙarfe 7:41 na safe agogon Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi. Zai kai tsakiyar tafiyarsa wajen 9:54, ya fita da 12:07 na rana. A Gana a rage sa'a ɗaya, a Sudan a ƙara ɗaya. Kusan sa'a huɗu da rabi ke nan, kuma rana na sama tun daga farko har ƙarshe. Na baya, wato na 11 ga Nuwamba, 2019, rana ta faɗi mana kafin ya ƙare. Wannan karon mafi yawan mutanen Amurka ne za su kasance cikin dare, sai dai su kalla a intanet. Ga shi Nuwamba ce, damina ta ɗauke, gajimaren da ya cuci Le Gentil ba kasafai yake damun Arewa a wannan lokaci ba.

Abin da zai iya damunmu shi ne hazo. A nan nake so ku kasa kunne da kyau. In hunturu ya sauko da ƙura, rana takan yi fari fat, ta daina kashe ido, har mutum ya ga zai iya ƙura mata ido. Kada ku yarda. Zafinta na nan yana shiga, kuma can cikin ido inda take ƙonawa ba ya jin ciwo, sai bayan sa'o'i mutum ya ga tabo a ganinsa, wani tabon kuma ba ya warkewa. Baƙin tabarau na kwalliya bai isa ba. Gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, da takardar hoton ƙashi ta asibiti, da faifan CD, da leƙa ruwa a kwarya kamar yadda ake yi in an yi kusufi, duk a bar su.

Ko da tabaran kusufi na ainihi, mai lamba ISO 12312-2, ido zalla ba zai ga Uɗaridu ba. Faɗinsa bai fi kashi ɗaya cikin kusan 190 na faɗin rana ba, kamar ƙwayar gero ɗaya a kan faifai. Sai da madubin hangen nesa, wanda aka rufe bakinsa na gaba da matacin hasken rana na musamman. A gaba, na ce, ba a wajen ido ba. Kuma kada wani ya sa tabaran kusufi ya leƙa madubin da ba shi da mataci, hasken zai huda shi nan take.

Akwai hanyar da su Gassendi da Horrocks suka bi, ita ce ta fi sauƙi ga makaranta. A kafa madubin a kan ƙafa, a juya shi wajen rana ba tare da an leƙa ba, ana lura da inuwarsa har ta tsuke. A riƙe farar takarda a bayansa, sai ga hoton rana ya faɗo a kai. A sa kwali ya yi wa takardar inuwa don hoton ya fito sosai. Yara ashirin za su iya kewayewa su gani lokaci guda, amma dole babba ya tsaya a kai, kada wani ɗan ƙiriniya ya kai ido. A riƙa kuma rufe madubin lokaci-lokaci ya huce. Za ku iya ganin wasu tabo a jikin rana, waɗannan nata ne. Uɗaridu shi ne mai zagaye sosai, baƙi ƙirin, kuma in kuka sa masa alama da fensir, bayan minti ashirin za ku ga ya matsa.

Ina ganin wannan aiki ne na malaman kimiyya a sakandare da sassan ilimin fiziya na jami'o'inmu. Madubi ɗaya da mataci ɗaya ba su fi ƙarfin makaranta ba in an fara tanadi da wuri, kuma ranar Asabar ce, ba darasin da za a katse. Wanda hazo ko tafiya ta hana shi, akwai wata giftawar ranar 7 ga Nuwamba, 2039, ita ma da safe a wajenmu, sai kuma ta 7 ga Mayu, 2049.

A nan za mu dakata. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, a huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)