3.2 Matsayin "Da Sauƙi" a Bakin Majinyaci

A al'adar Bahaushe, idan aka tambayi marar lafiya, "Yaya jiki?" amsarsa ita ce, "Da sauƙi," ko da kuwa ciwon ya tsananta. Wato wannan amsa gaisuwa ce da nuna tawakkali, ba bayanin halin da jiki yake ciki ba. Saboda haka, nas ɗin da ta rubuta a kati cewa majinyaci ya samu sauƙi, ta ɓatar da abokiyar aikin da za ta canje ta, har ma da likita. Kamata ya yi bayan gaisuwa ta zauna, ta sassauta murya, ta ce, "Baba, ina ne yake yi maka ciwo? Ka samu barci jiya?" Galibi a nan ne gaskiyar ciwon take fitowa, musamman idan babu suruki a kusa.