Zaren Gilashi Mai Sauraron Rijiyar Mai

Rijiyar mai ko ta iskar gas gini ce ta bututan ƙarfe da ake zura wani cikin wani, sa'an nan a ɗura siminti tsakaninsu da dutsen da ke kewaye, domin kada mai ko gas ko ruwa su bi wata hanya dabam da wadda aka tanadar musu. Ingancin wannan shinge shi ake nufi da lafiyar rijiya, kuma idan ya karye ɓarnar takan yi muni, domin gazawar siminti na cikin abubuwan da suka haddasa fashewar rijiyar Macondo a Mashigin Tekun Meziko a 2010, inda mutum 11 suka rasu, kamar yadda tsatsa ta ci bututun wata rijiyar ajiyar gas a Aliso Canyon ta jihar Kalifoniya a 2015, har gas kimanin tan dubu 100 ya tsere cikin wata huɗu.

A da, in ana son jin abin da ke faruwa a ƙasa, sai a zura na'ura da igiya, ta saurari wuri guda, a matsa da ita gaba, wani lokaci ma sai an dakatar da aikin rijiyar. Dabarar da ake kira DAS a taƙaice ta sauya wannan, domin tana mayar da zaren gilashi irin wanda ke ɗaukar saƙonnin intanet, wanda kaurinsa bai wuce na silin gashi sosai ba, ya zama kunne tun daga bakin rijiya har gindinta. Wata na'ura da ke doron ƙasa ce take harba ɗigon hasken lesa cikin zaren, kuma da yake babu gilashin da ya rasa 'yan ƙananan aibobi, kaɗan daga hasken yakan dawo baya, abin da masana suka laƙaba wa sunan Baturen Ingila Lord Rayleigh. Duk inda sauti ya girgiza zaren, yakan miƙe ko ya tsuke da abin da ido ba ya gani, sai yanayin hasken da ke dawowa ya canja. Lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo kuwa shi ke nuna zurfin wurin. Da yake haske na tafiyar kusan kilomita dubu 200 a daƙiƙa guda cikin gilashi, ana iya sauraron rijiya mai zurfin kilomita 5 har sau dubu 20 a kowace daƙiƙa.

Kamfanin Shell ne ya fara gwada dabarar cikin rijiyar gas a Kanada a 2009, lokacin da ake tsaga dutse da ruwa mai ƙarfi, domin a gane wace kafa ce ke shan ruwan, wacce kuma ta toshe. Daga baya an yi amfani da ita wajen gano yoyon gas a bayan bututu, da inda yashi ke kutsowa yana cin ƙarfe, da kuma bin sawun iskar kabon da ake binnewa a ƙasa, kamar a aikin Quest na lardin Albata.

Sai dai ji daban, fahimta daban, kuma a nan ne masu tallan dabarar sukan rage murya. Zaren ya fi jin girgizar da ta bi tsawonsa fiye da wadda ta zo masa ta gefe, kuma wanda aka binne cikin siminti ya fi wanda ke reto a tsakiyar bututu ji nesa ba kusa ba, alhali tsofaffin rijiyoyi, waɗanda su suka fi bukatar sa ido, ba a gina su da zare a jikinsu ba. Zafi da iskar haidurojin sukan dusashe gilashin a hankali, sa'an nan bayanan da ke taruwa a rana guda kan kai terabait da dama, mafi yawansu hayaniyar famfo da gudun mai ne kawai. Saboda haka ake haɗa sauraron da awon zafi ta zaren, domin gas mai tserewa ta ƙaramar kafa yakan sanyaya wurin, kuma kamfanin da ya sa zare bai tanadi masu fassara abin da ya jiyo ba, kuɗinsa kawai ya binne a rijiya.