Kunnen Tsohuwar Kyanwa Ya Kumbura? Kada a Sa Masa Aska

Duk mai sito na wake ko albasa a Fatakwal, ko shago a kewayen Bida Road a Anacha, ko rumfa a Gariki ta Awkunanaw a Inugu, ya san amfanin kyanwa. Ita ce mai gadin da ɓeraye ke shakka. Sai dai idan ta fara manyanta, wata rana sai a wayi gari kunnenta ɗaya ya kumbura sumtum kamar ƙosai, ya yi zafi, ya rusuna, ita kuma tana ta girgiza kai ba ta yarda a taɓa.

Da yawa sukan ɗauka maruru ne. Ba shi ba ne. Jini ne ya taru tsakanin fata da guringuntsin kunne, bayan ƙananan jijiyoyi sun fashe. Abin da ke fasa su kuwa yawan susa ne da kaɗa kai, wani lokaci faɗa da wata kyanwa. Ƙaiƙayin kuma yawanci daga wasu ƙwari ne 'yan mitsi-mitsi da ke zama cikin kunne, ko ƙwayar cuta. Leƙa ciki, za ka ga baƙin datti mai gari-gari, wani lokaci har da wari. Laimar Kudu da doguwar daminarta suna ƙara wa ciwon kunne ƙarfi.

Babban kuskuren mutanenmu shi ne reza, ko kiran wanzami ya tsaga. Jinin zai fita, kwana kaɗan ya sake taruwa, wannan karon da mugunya. Wanda ya fi wannan muni shi ne maganin kemis. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibuprofen kuma ƙoda yake lalatawa. Haka maganin ƙwarin kare mai sinadarin fametirin shi ma guba ne gare ta, balle fiya-fiya ko kananzir da wasu ke ɗigawa a kunne.

A wurin likitan dabbobi hanyoyi uku ne. Ko ya zuƙe jinin da allura, wanda ya fi sauƙi da araha amma sau da yawa sai an maimaita. Ko ya yi tiyata, ya tsaga ya kwashe gudan jinin, ya ɗinke fatar da guringuntsi don kada a bar gurbin da jini zai sake zama, a cire zare bayan mako 2 zuwa 3. Ko a bar jiki ya shanye jinin da kansa cikin makonni, kunnen ya yamutse ya zauna haka.

Ga matashiyar kyanwa tiyata ta fi. Ga wadda ta haura shekara 10, sai an yi hattara, domin tiyata sai da maganin sa barci, ciwon ƙoda kuma ya yawaita ga tsofaffin kyanwoyi. Idan tana shan ruwa fiye da kima, tana yawan fitsari, tana ramewa, faɗa wa likita tun kafin ya tambaya, ka kuma nemi a auna jininta tukuna. A ganina, tsohuwa mai raunin ƙoda gara a zuƙe sau biyu ko uku, kunne ya ɗan lanƙwashe, da a kwantar da ita ta kasa farkawa. Kyau ba shi take ci ba. Amma bari ba tare da maganin zafi ba azabtarwa ce, kuma kunnen da ya yamutse sosai yakan toshe ramin, datti ya riƙa taruwa.

Kowace hanya aka bi, sai an kashe ƙwarin kunnen, har na sauran kyanwoyin gidan, don suna yaɗuwa. Likitan da ka saba gani a kasuwar shanu zai iya nuna maka mai duba ƙananan dabbobi a gari. Idan abin ya gagara, Jami'ar Najeriya da ke Nsukka tana da asibitin koyarwa na dabbobi.