Injiniyan da Ya Fito daga Dajin Bama da Ƙafarsa

Ranar Litinin 21 ga Yulin 2014, ana cikin goman ƙarshe na azumi, wani jirgi mai saukar ungulu na Rundunar Sojin Saman Najeriya, samfurin Mi-35 ƙirar Rasha, ya faɗi a kudancin garin Bama da ke Jihar Borno. Kakakin Hedikwatar Tsaro na lokacin, Manjo Janar Chris Olukolade, ya ce atisaye jirgin ya fita, kuma tangarɗar na'ura ce ta kayar da shi.

Atisaye a wannan wuri, a wannan shekara! Wata uku ke nan da sace 'yan matan Chibok, Damboa na hannun Boko Haram, ga dajin Sambisa a kusa. Matukan da ke da sararin koyo a wuri mai aminci, idan injin ya mutu, sukan yi abin da aka hore su a kai: su bar iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya farfelar sama, su lallaɓa jirgin har ya dira. Wannan dabara tana buƙatar tazara daga ƙasa da kuma fili. Ko an dace an sauka da rai a kudancin Bama, wata sabuwar fitina ce ke jira, domin duk wanda ya hango hayaƙin zai iya riga masu ceto isowa.

An samu matuƙin da ransa. Mataimakinsa da wani ma'aikacin gyaran jirgin sun rasu, aka ɗauko gawarwakinsu. Saura injiniyan jirgin. An duba ko'ina a kewayen tarkacen, babu shi babu gawarsa, sai aka sanar da cewa ya ɓace. A Borno ta wancan lokaci, idan aka ce soja ya ɓace a daji, iyalinsa sun san abin da ake nufi.

Kwatsam sai ga shi ya bayyana a hedikwatar sojoji da ke Maiduguri. Rundunar ta ce da ƙafa ya keto daji bayan faɗuwar jirgin.

Tsakanin Bama da Maiduguri akwai kimanin kilomita 70 ta kan titi, kuma damina ce, lokacin da ciyawa ke rufe sawu, laka ke riƙe ƙafa. Mutumin da ya fito daga hatsarin jirgi, ba shi da tabbacin ko wanda zai ci karo da shi manomi ne ko mai ɗauke da bindiga, shi ne ya keta wannan daji. Ina ganin ya cancanci a riƙa ba da labarinsa a makarantun horon sojin sama, domin darasin tsira a daji ba ya kai na tuƙi daraja a idon mutane sai irin wannan rana ta zo.

Makonni shida bayan haka, a farkon Satumba, garin Bama kansa ya faɗa hannun Boko Haram.